Yadda Ake Tantance Fawa Fak Mai Araha Kafin A Ɗora Masa Kwamfuta

Fawa fak, akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar soket 230V ya raba ta zuwa 12V da 5V da 3.3V, shi ne kayan da mai haɗa kwamfuta ya fi saye da ragowar canji. An gama kashe kuɗi a furosesa da katin girafik, sai a ce wa mai shago, "Alhaji, kawo ko wanne ne, in dai 500 wat ne." A shagunan Gombe da Bauchi kuwa, yawancin abin da ke kan kanta daga Kano ko Computer Village ta Ikeja ko Alaba aka saro shi, da sunayen da ba ka taɓa ji ba, wani ko kwali ba shi da shi. A cikinsu akwai na kirki, akwai na lallaɓawa, akwai kuma wanda ranar mutuwarsa ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja madabod da had dis.

Sunan da ke jiki ba ya raba gardama. Ko manyan kamfanoni sun taɓa fitar da mummunan samfuri: a 2021 Gigabyte ta buɗe ƙofar musanya wasu GP-P750GM da GP-P850GM bayan masu gwaji sun nuna suna fashewa idan aka matsa musu lodi. Wani ƙaramin suna kuma, babban maƙeri ne ya ƙera masa. Abin da za a tantance shi ne wannan samfurin da ke hannunka.

Fara da sanin abin da kwamfutar take ci

Kafin ka je kasuwa, ɗauki biro ka tara. Kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu mai Core i5-4570, furosesar 84W ce; ƙara kimanin 40W na madabod da RAM, 10W na had dis, 'yan wat kaɗan na fanka. Duka ba ta wuce 140W ba. Fawa fak mai 300W na gaskiya ya ishe ta har da rara.

Da zarar katin girafik ya shigo, lissafi ya canza. GTX 1650 yana cin 75W, GTX 1660 Super 125W, RTX 3060 170W, RX 580 kuma, wanda ya cika kasuwar na hannu saboda araharsa, 185W. Haɗa RX 580 da i5-6500 mai 65W da sauran kaya, ka kusa 315W, kuma kusan duka daga layin 12V za su fito. Wannan batu na layin 12V shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Ka'idar da ta dace da mai araha ita ce kada ya yi aiki sama da kashi 60 cikin 100 na abin da aka rubuta masa. Dalili zafi ne. Fawa fak mai kyau ana auna ƙarfinsa a ɗaki mai zafin digiri 40 ko 50. Mai araha sau da yawa a digiri 25 ko 30 aka auna shi. A Gombe cikin watan Maris da Afrilu iskar waje kanta tana kai wa wajen digiri 40, cikin kesin ɗin kwamfuta kuma ya fi haka. Saboda haka kwamfuta mai cin 315W tana buƙatar 500W zuwa 550W na gaskiya.

Takardar gefe: nan ake kama yawancin maƙaryata

Manta da babbar lambar da ke kan kwali. Sau da yawa sunan samfuri ne kawai, "ATX-500" ko "P4-650", ba alkawarin wat ba. Wani lokaci kuma ƙarfin ƙololuwa ne, wanda zai iya riƙewa na 'yan daƙiƙu. Juya akwatin ka nemi jadawalin da aka liƙa a gefe, mai layukan +3.3V, +5V, +12V, -12V da +5VSB, kowanne da amfiyarsa a ƙasa.

Ɗauki amfiyar +12V ka ninka da 12. Idan an rubuta 18A, ka sami 216W. Wannan ne ainihin abin da furosesa da katin girafik za su samu, ko da an buga 500W da jan fenti a kwali. Fawa fak na zamani mai 500W yakan nuna 40A ko 41A a wannan layi, mai 550W kuma wajen 45A. Idan sakamakon lissafinka bai kai kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na lambar kwali ba, tsohon tsari ne ko kuma ƙarya. Wanda ya tara amfiya 30 ko 35 a layin 5V ya bar 12V da 16A, tsarin farkon shekarun 2000 ne, lokacin da furosesa ke shan 5V. Kamar mudun da aka buga wa gindi ne: bakinsa daidai da na kowa, abin da yake ɗauka ne bai kai ba. Idan ka ga layin -5V a jadawalin, da farar waya a babban fulogi, wannan ma shaida ce ta tsohon zane, domin an daɗe da cire -5V daga ATX, ka'idar da ake bi wajen ƙera fawa fak ɗin kwamfuta.

Wani yakan raba 12V gida biyu, +12V1 da +12V2, misali 16A da 16A. Kada ka tara su ka ce 32A. Duba ƙasansu, akwai jimillar wat da aka yarda su bayar tare. Ita ce gaskiya. In babu jimillar, ajiye shi.

Sai layin wutar shiga. Akwai kala uku. Wanda aka rubuta 100-240V, ba shi da jan makunni a baya, yana da abin da ake kira PFC mai aiki da kansa, kuma shi ya fi dacewa da wutarmu, domin ko ta sauka zuwa 170V zai ci gaba da aiki. Wanda aka rubuta 200-240V kawai, an rage masa kuɗi ne a sashen shiga. Yana iya zama lafiya, amma da zarar wuta ta yi ƙasa da magariba sai ya riƙa kashe kansa ko ya yi zafi, saboda raguwar bolt tana tilasta masa jan amfiya da yawa. Na uku shi ne mai jan makunni na 115/230, tsohon tsari. In har ka sayi irinsa, musamman wanda ya fito daga Amurka, tabbatar makunnin yana kan 230 kafin ka jona, sannan ka ɗiga masa gam. A kan 115, jonawa ɗaya ce, sai ƙara da hayaƙi.

Nemi kuma jerin matakan kariya, a kwali ko a takarda: SCP na haɗuwar waya, OVP na bolt ya hau, UVP na bolt ya sauka, OCP na amfiya ta wuce kima, OPP na lodi ya yi yawa, OTP na zafi. Mai araha yakan zo da SCP da OVP da OPP. OTP ne aka fi yawan cirewa, alhali a nan shi aka fi buƙata: ranar da ƙurar hunturu ta ƙame fanka, OTP ne zai kashe akwatin kafin ya gasa kansa. Wanda bai ambaci kariya ko ɗaya ba, ka ɗauka fiyus kawai gare shi.

Wa ya ƙera shi, kuma tamburan na gaske ne?

Yawancin masu suna a jikin fawa fak ba su da masana'anta. Oda suke bayarwa ga maƙera irin su Channel Well Technology, Great Wall, FSP, Delta, Seasonic, HEC, Super Flower, Huntkey ko Andyson, a liƙa musu sunansu. Idan ka gano maƙerin, ka yi rabin aikin. Hanya ɗaya ita ce lambar UL, kamfanin Amurka mai gwada amincin kayan lantarki: a ƙarƙashin tambarinsa za ka ga harafin E da lambobi biyar ko shida. Saka ta a intanet, takan nuna kamfanin da ya yi rajistar kayan, wani lokaci maƙerin ne, wani lokaci mai sunan. Hanya ta biyu, rubuta cikakkiyar lambar samfurin a wayarka kana tsaye a shagon, ka ga ko wani ya taɓa buɗe shi ya gwada da na'urar lodi. Bidiyon da aka buɗe kwali kawai ana yabon fenti da fitilu ba gwaji ba ne.

Tambarin 80 Plus ya fi kowanne shan jabu. Shirin ya fara a 2004, kuma abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta. Matakin Bronze yana nufin kashi 82, 85 da 82 a lodin kashi 20, 50 da 100, a gwajin 115V. Gold kuma 87, 90 da 87. Kamfanin CLEAResult ne ke riƙe da jerin duk samfuran da suka ci gwajin, kuma kowa na iya dubawa a shafinsu. Idan samfurin ba ya cikin jerin, sitika ce kawai. Su "85 Plus" da "90 Plus" da "80 Plus Ready" ba su daga cikin matakan shirin. Akwai kuma Cybenetics, wadda rahotonta ya fi zurfi, har da ƙarar fanka.

Ko na gaske ne, tambarin ba ya cewa komai game da ingancin kafasita ko kariya. Amfaninsa biyu ne. Na farko, ya nuna akwatin ya taɓa ɗaukar cikakken lodinsa a ɗakin gwaji bai ƙone ba. Na biyu kuɗi ne. Kwamfutar da ke cin 150W, a fawa fak mai kashi 70 za ta ja 214W daga soket, a mai kashi 85 kuma 176W. Bambancin 38W ne. Mai shagon intanet ko cibiyar koyar da kwamfuta da ke da guda 20 suna aiki awa 10, yunit 7.6 kenan a rana. A farashin Band A, wanda ya haura naira 200 kan kowane yunit a 2024, sama da naira 1,500 kullum. A janareta ko sola asarar ta fi ciwo. Wutar da ta salwanta kuma zafi take zama a cikin akwatin. Tambarin CE kuwa kamfani ne ke liƙa wa kansa, kada ka ba shi nauyi.

Ɗauke shi a hannu

Nauyi yana magana. Akwatin da bai kai kilo ɗaya ba kuma yana iƙirarin 500W, babu taransifoma da ƙarafunan sanyaya da za su iya wannan aiki a cikinsa. Na kirki a wannan aji yakan kai kilo ɗaya da rabi ko kusa. Sai dai masu jabu sun san ana auna nauyi. An sha samun akwatin da aka ɗaura wa guntun ƙarfe a ciki, har da koyil na ƙarya da aka cika da siminti. Rashin nauyi hujja ce ta ƙin saye, amma nauyi shi kaɗai bai isa hujjar saye ba.

Duba rubutun da ke jikin wayoyi. 18AWG shi ne daidai ga rawaya da baƙa da ja. 16AWG ya fi kauri. A wannan ma'auni, yadda lamba ke hawa haka waya ke sirancewa, saboda haka 20AWG ko 22AWG a fulogin furosesa ko na katin girafik matsala ce: wayar za ta yi zafi, bolt ya faɗi kafin ya isa. Kara mayen ƙarfe a jikin damin wayar. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla. Wayar da ta yi kauri a ido amma ta yi laushi fiye da kima idan ka matsa, roba ce ta yi yawa.

Ƙirga fulogai. Mai 500W na gaskiya zai zo da fulogin furosesa mai fil 4+4 da aƙalla fulogin katin girafik ɗaya mai fil 6+2. Wanda ba shi da na katin girafik, maƙerinsa da kansa ya faɗa maka iyakarsa. Kada a rufe wannan giɓi da adafta daga fulogin SATA: SATA 54W kawai yake iya bayarwa a 12V, fil 6 kuma yana neman 75W, fil 8 yana neman 150W. A nan roba take narkewa.

Yanzu haska tocilan waya ta ragar baya da ta fanka, ba tare da ka kwance komai ba. Kusa da inda wayar wuta ke shiga ya kamata ka ga matatar wuta: kafasita mai kusurwa huɗu, yawanci rawaya ko toka, ƙananan shuɗaye masu kama da ƙwayar magani guda biyu ko fiye, koyil ɗaya ko biyu, da fiyus. A mafi arha za ka ga an zana wuraren a bod amma an tsallake su da guntun waya. Nemi MOV, wani faifai mai kama da kwabo kusa da fiyus, sau da yawa cikin rigar roba. Shi ke shanye tsallen wuta irin na lokacin da aka dawo da NEPA ko tsawar farkon damina.

Babbar kafasita, mai kama da batirin tocila, karanta jikinta. A mai PFC guda ɗaya ce mai 400V ko sama, kuma a ajin 500W ana sa ran ganin wajen 270µF zuwa 390µF. In ka ga 150µF ko 180µF, an tsuke. Kafasita biyu masu 200V alama ce ta tsohon tsari. Rubutun 105°C ya fi 85°C, kuma bambancin ba ƙarami ba ne, domin kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Nippon Chemi-Con, Rubycon, Nichicon da Panasonic su ne na gaba. Teapo da Elite na Taiwan ba laifi a mai araha. Sunan da babu shi ko a intanet, ka yi hattara. Waɗanda suka fi saurin mutuwa ma ba babbar ba ce, ƙananan da ke cunkushe inda wayoyi ke fita ne. Kan da ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa, an gama magana.

A wannan sashen na fita, in ka hango ƙaramin bod a tsaye mai koyil biyu, wannan tsarin DC-DC ne: akwatin yana yin 12V, sannan ya ciro 5V da 3.3V daga gare ta, kowanne da mai kula da shi. Shi ake so. Tsohon tsari yana haɗa 12V da 5V a babban koyil ɗaya, sai ya zama idan katin girafik ya ja 12V da ƙarfi ta faɗi, 5V kuma ta hau. Ga kwamfutar ofis ba damuwa. Ga ta wasa ko ta haɗa bidiyo, nemi DC-DC. Ganin ƙaramin cif mai lamba TL494 ko KA7500 yana nufin zane ne na da can, wanda da wuya ya haura 250W zuwa 300W lafiya.

Kada ka kwance murfin sai in aikinka ne. Babbar kafasita tana riƙe da bolt 325 zuwa 400, kuma takan riƙe shi bayan an zare wuta.

Gwajin mita da na lodi

Kayan aiki: mitar auna bolt ta hannu, guntun waya ko kilif na takarda, tsohon had dis da ba ka damu da shi ba, da ƙwan fitilar mota H4 guda huɗu zuwa shida, wanda duk mai sayar da kayan mota yake da shi. Kada a fara gwada sabon fawa fak a kan madabod mai tsada.

Da farko jona shi a wuta ba tare da ka tayar da shi ba. Sa mita a DC 20V, baƙin tsinke a kowace baƙar waya, ja a waya mai launin shunayya. Ya kamata ka ga 5V, tsakanin 4.75 da 5.25. Wannan layi kullum a kunne yake muddin akwai wuta a soket, shi ya sa kafasitarsa ke riga sauran gajiya, kuma idan ya hau yakan kashe madabod kwamfuta tana a kashe.

Zare wuta, jona had dis ɗin, sannan ka haɗa koriyar waya da baƙar da ke kusa da ita a babban fulogi mai fil 24. Idan wayoyin duk baƙaƙe ne, riƙe fulogin maƙallinsa yana sama, ramukan suna kallonka. Rami na 4 da na 5 daga hagu a layin sama. Don tabbatarwa, a wannan layi yawanci akwai rami ɗaya da babu waya, kuma shi ne na 8 idan ƙirgarka ta fara daga ɓangaren da ya dace. Mayar da wuta. Fanka ta juya, sai ka auna: rawaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo tsakanin 3.14 da 3.47, toka kuma ta nuna wajen 5V, alamar akwatin ya ce wutarsa ta daidaita.

Nan ne yawancin masu gyara ke tsayawa su ce "lafiya lau", kuma nan ne kuskuren yake. Juyawar fanka da bolt mai kyau babu lodi, ko mafi muni a kasuwa yana iya nuna su. Sai an ɗora masa kaya.

Kowane ƙwan H4, a zaren babbar fitila, yana jan wajen 60W a 12V, amfiya biyar kenan. Jera su a kan tayil ko faranti na ƙarfe, domin suna zafi ƙwarai kuma suna kashe ido. Kowane ƙwai a ba shi tasa rawaya da tasa baƙa daga fulogin furosesa da na katin girafik. Kada a tara su a waya ɗaya. Ƙara su ɗaya bayan ɗaya, saboda zare mai sanyi yana fizgar amfiya da yawa a farkon kamawa, in aka sa su gaba ɗaya har akwati mai kyau zai ɗauka haɗuwar waya ce ya kashe kansa. Bar had dis ɗin a jone don 5V ta sami abin ja. Bayan kowane ƙwai, auna rawaya da ja a wani fulogin da ba a ɗora wa komai ba.

Na kirki zai sauka daga kamar 12.2 zuwa 12.0 ko 11.9 ya tsaya. Na lallaɓawa zai gangaro 11.6, ja kuma ta haura 5.2. Wanda ya faɗi ƙasa da 11.4 a ƙwai huɗu, wato wajen 240W, alhali an rubuta masa 500W, ka san matsayinsa. Kai shi adadin wat ɗin da kwamfutarka za ta ci, ka bar shi minti 20 zuwa 30. Sa hannu a iskar da ke fita: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa ba daidai ba ne. Shinshina. Warin roba ko na varnish, ko ƙara mai tsini da ke ƙaruwa da lodi, kashe nan take. Wasu kan haɗa rawaya da baƙa da gangan don su ga ko kariya tana aiki. Mai kyau zai ɗauke shiru, marar kyau zai yi tartsatsi ya mutu a hannunka, mai shago kuma ba zai karɓa ba. Ba gwajin da za a yi da kayan da aka riga aka biya ba ne.

Akwai abin da mita ba ta gani: rawar da ke kan wutar. Ka'idar ATX ta iyakance ta a 120mV a layin 12V, 50mV a 5V da 3.3V, kuma sai da osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, ake ganinta. Ita ce ke cin kafasitocin madabod da had dis a hankali cikin watanni. In kana da hanya a sashen lantarki na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, kuma za ka sayi guda 20 ko 30 iri ɗaya, ya cancanci a kai ɗaya a duba kafin a biya sauran.

Bayan ya ci wannan, ɗaura shi a kwamfutar, ka kunna manhajar da ke matsa wa kwamfuta lodi, OCCT a gwajinta na wuta, ko Prime95 da FurMark tare, na rabin awa, tsinken mita yana cikin fulogin da ba a amfani da shi. Kada ka dogara da bolt ɗin da manhaja ke nunawa, madabod da yawa ba sa auna shi daidai. Kwamfutar da ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta daidai lokacin da lodi ya hau, babu shuɗin allo, fawa fak ne abin zargi na farko.

Wutar da za a ba shi

Ka'ida ta ce fawa fak ya riƙe wuta na kimanin milisakan 16 bayan an ɗauke, don UPS ya sami damar karɓa. Mai ƙaramar kafasita ba ya kai haka. Gwajin mai sauƙi ne: kwamfuta tana cikin lodi, zare fulogin UPS daga bango. In ta sake tashi alhali batirin UPS lafiya yake, akwatin ne bai riƙe ba. Masu inbata su duba ko tana da saitin UPS, domin a ɗaya saitin takan yi jinkirin sauyawa. Inbata da UPS masu arha kuma wutarsu mai tsani-tsani ce, ba mai santsi irin ta NEPA ba. Wasu masu PFC suna kuka ko su ɗauke a kanta. A gwada su tare kafin a biya.

Ƙaramin janareta yakan harba bolt sama lokacin tashi da lokacin da mai ke ƙarewa, don haka a jona kwamfuta bayan ya daidaita, a kashe ta kafin a kashe shi. Akwati mai 200-240V kada ya zauna babu sitabilaiza. Idan kesin yana ɗan jan hannu in an taɓa, yawanci ba laifin fawa fak ba ne: shuɗayen kafasitocin nan suna zubar da 'yar wuta zuwa wayar ƙasa, gidan kuma ba a kafa masa ita ba. Mai wayarin zai gyara, ba mai kwamfuta ba. Wayar wutar kanta a duba ta. Ta kirki an rubuta 0.75mm² sau uku a jikinta, fulogin kuma da fiyus a ciki.

Ƙura sai an bi ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a hure akwatin da bulowa duk wata, a tokare fankar da tsinke don kada iska ta juya ta fiye da kima. Fankar mai araha a kan bushi take juyawa, man ciki yana bushewa. Da ta fara gurnani da safe, a canza ta, 120mm mai 12V ce, kuɗinta kaɗan ne.

Na hannu, da maganar garanti

Idan kuɗin bai kai na sabo mai kyau ba, fawa fak na hannu da aka ciro daga kwamfutar kamfani, ƙirar Delta, FSP, Lite-On, AcBel ko Chicony, mai 300W, ya fi sabon "650W" marar asali nesa ba kusa ba. Lambarsa gaskiya ce, kariyarsa cikakkiya. A bi shi da duk gwajin da aka ambata, a ƙara lura da kumburin kafasita da wayoyin da aka yanke aka haɗa da salatif. Tarkon da ke nan shi ne fulogi: Dell OptiPlex 3020, 7020 da 9020 fil 8 suke amfani da shi, HP da yawa fil 6, Lenovo fil 14 ko 10. Waɗannan ba sa shiga madabod na gama-gari, na gama-gari kuma ba ya shiga nasu sai da adaftar da aka yi wa wannan samfurin takamaimai. Haka wayoyin fawa fak masu cirewa: ko sun shiga ramin wani akwatin, jerin fil ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma musanya su yana tura 12V inda 5V ya kamata ta je.

Garantin shekara uku ko biyar da aka buga a kwali yana nuna yadda kamfanin ya yarda da kayansa, amma da wuya ka iya karɓarsa daga Gombe. Wanda zai yi maka aiki shi ne na mai shago. A rubuta lambar samfuri da lambar siriyal a rasit, da adadin kwanakin da aka amince, sati biyu ko wata guda, a kuma faɗa a fili ko canji za a yi ko mayar da kuɗi. Gwajin ƙwan mota da na OCCT a yi su cikin kwana biyun farko, sitikar da ke kan sukurun murfi kuma kada a taɓa ta har kwanakin su cika.